Ƙotar kabon ba ta kare kowa daga aradu

Tun shigowar damina wani saƙon murya ke yawo a rukunonin WhatsApp na ƴan Arewa mazauna Yamai da Kano, har ya sauko wayoyin mutanen Dogon Dutsi da Tibiri, inda ko filin golf babu. Mai maganar dillalin kayan wasa ne. Yana tallar sababbin sandunan golf: babbar nan mai ƙaton kai da ake bugun farko da ita, da ƙannenta da ake ɗaga ƙwallo da su daga tsakiyar fili, kowace da ƙotar da aka zaɓa daidai da hannun mai ita. Neman ciniki ba laifi ba ne. Abin da ya cusa a tsakiyar tallar ne ya hana ni yin shiru.

Akwai gaskiya a bakinsa. Ƙotar zaren kabon ta fi ta ƙarfe sauƙi nesa ba kusa ba: ta babbar sanda takan yi giram 50 zuwa 70, ta ƙarfe kuwa takan haura 100. Gaskiya ne kuma mutum yakan ƙara saiti idan aka gwada masa ƙota mai laushi ko tauri daidai da ƙarfin jifansa. Amma cewa da ya yi kowa zai ƙara mita 50 da zarar ya canja ƙota, wannan zancen kasuwa ne. Hukumomin da ke tsara dokar wasan, R&A ta Sikotilan da USGA ta Amurka, sun ƙayyade girman kan sanda da irin tsallen da fuskarta za ta ba ƙwallo, kuma gudun ƙwallo ba ya wuce kusan ninki ɗaya da rabi na gudun kan sandar. Ƙota ba ta ƙirƙiro ƙarfin da babu a damtse. Batun da ya yi na wai akwai zinariya a cikin kan sandar ko amsa bai cancanta ba. Titaniyom ne da kabon, cikinsa kuma fanko.

Magana mai kisa ita ce ta ƙarshe. Ya ce tunda ƙotar ba ƙarfe ba ce, kuma mariƙinta roba ne, ba ta jan aradu, don haka ana iya ci gaba da wasa ko hadari ya haɗo.

Ƙarya ce tun daga tushe. Zaren kabon yana ɗaukar wutar lantarki, shi ya sa ake gargaɗin masu kamun kifi da dogayen sandunan kabon su nisanci wayoyin wuta. Kuma ko da ba ya ɗauka, wutar da ta keto sararin sama na kilomitoci ba robar da kaurinta bai kai ɗan yatsa ba ce za ta tare ta. Aradu ba ta tantance abin da ke hannunka. Abin da ke jefa mutum a hanyarta shi ne ya zamo shi ne mafi tsayi a buɗaɗɗen wuri, ko ya raɓe da abin da ya fi tsayi, irin bishiya tilo a tsakiyar fili. Da yawa daga waɗanda take yi wa illa ma ba a kansu take sauka ba. Ƙasa take bi ta shiga ta ƙafafu.

A watan Yunin 1991, a gasar US Open da aka yi a Hazeltine cikin jihar Minesota, aradu ta kashe ɗan kallo ɗaya ta raunata biyar. Ba sanda a hannunsu, sun fake ne a ƙarƙashin bishiya. A Agustan 2019 a filin East Lake na Atlanta ta faɗa kan wata bishiya, mutum shida suka ji rauni, alhali an riga an dakatar da wasa. Retief Goosen na Afirka ta Kudu, wanda ya ci US Open a 2001 da 2004, ta taɓa kayar da shi a filin golf yana matashi, sai da ya kwanta asibiti. Saboda irin wannan ne doka ta 5.7 ta wasan golf ta ba kowane ɗan wasa damar ajiye sanda da kansa idan yana ganin haɗarin aradu, ba tare da jiran izinin kowa ba.

Masu kuɗin sayen waɗannan sanduna ba su ne damuwata ba, don suna da mota a kusa. Yaran da ke ɗaukar musu jaka nake ji. Ɗan ƙanwata yana wannan aikin, kuma da na kira shi ya ce, "Kawu, idan maigida bai tsaya ba, ni ina zan tsaya?" Yaro ne ɗauke da jaka mai sanduna har 14 a kafaɗa, mafi yawansu ƙarfe, ga laima a buɗe a ɗaya hannun, yana bin bayan wanda ya ji a waya cewa ƙotarsa ta fi ƙarfin aradu. Ban ga laifinsa ba, ban ga na ubangidan sosai ba. Maganar tana kama da hankali, don duk mun taso muna jin cewa ƙarfe ne ke kiran tsawa. Wanda nake ganin laifinsa shi ne wanda ya ɗauki wannan tsohon tunani ya mayar da shi hanyar sayar da kaya.

A gida kuma saƙon ya canja kama. Na ji ana cewa ashe mai fartanya da ƙotar icce, ko makiyayi da sandarsa, ba su da abin tsoro. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da kowa ke gona a Dallol Mawri, wannan fahimta tana iya cin rai.

Abin da aka tabbatar kaɗan ne, kuma ya isa. Idan ka ji tsawa, kana inda za ta iya samunka. Ƙara tana cin kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3, don haka tazarar walƙiya da tsawa tana nuna kusancin hadarin. Mafaka ita ce gini mai rufi da bango, ko mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe. Rumfa da bukkar gona da gindin bishiya ba mafaka ba ne. A dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma. Wanda ta faɗa wa kuwa babu sauran wuta a jikinsa. A ƙasarmu akan ja da baya, wasu su tafi neman nono, alhali zuciyarsa ce mai yiwuwa ta tsaya. A taɓa shi nan take, a duba numfashi, idan babu a fara danna masa ƙirji, wani ya ruga neman abin hawa zuwa likita.