Kai Hoton Talabijin Zuwa Ɗaki Na Biyu A Gidajen Kontagora

A Kontagora, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, gida ɗaya kan ƙunshi turakar maigida da ɗakunan matan aure da shagon samari a bakin zaure, shi ya sa talabijin guda da aka ajiye a falo ba ta daɗewa take zama abin taƙaddama, domin mai son ƙwallon Ingila da mai jiran shirin Daɗin Kowa a tashar Arewa24 da mai son ganin sallar Harami kai tsaye daga Makka ba za su taru a kan tasha ɗaya ba. Da yake garin yana da nisa sosai daga Minna, gidaje da dama sun fi dogara da dish, wato farantin da ke kamo saƙo daga tauraron ɗan'adam, a kan doguwar eriya, kuma a nan ne matsalar ɗaki na biyu take, saboda ba a raba saƙon dish yadda ake raba na eriya.

A bakin kowane dish akwai wata 'yar na'ura da masu sana'ar ke kira LNB, wadda ke karɓar saƙon da farantin ya tattaro ta turo shi cikin waya zuwa dikoda. Dikodar ce ke ba ta wuta ta cikin wannan wayar, kuma da ƙarfin wutar take ba ta umarni: bolt 13 na nufin ta kamo tashoshin da saƙonsu ke zuwa a tsaye, bolt 18 kuma waɗanda nasu ke zuwa a kwance. Idan aka sayo ɗan ƙarfen nan mai baki uku da ake raba waya da shi aka haɗa dikoda biyu a kan LNB mai kafa ɗaya, to, na'urar za ta riƙa samun umarni biyu masu cin karo da juna, ta bi mai ƙarfi ta bar ɗaya. Abin da ke biyo baya shi ne uwargida ta canza tasha a ɗakinta, hoto ya ɗauke a ɗakin amarya, har a shiga zargin juna alhali laifin na haɗin waya ne. Ban da wannan, kowane rabo biyu yana cinye fiye da rabin ƙarfin saƙon da ke isa kowane ɗaki.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a cire LNB mai kafa ɗaya a sa mai kafa biyu, ko mai huɗu idan gidan babba ne, a ja wa kowane ɗaki wayarsa tun daga bakin dish, a ba shi dikodarsa. Ga masu kallon tashoshin kyauta, irin na Nilesat ko Eutelsat 16A inda Arewa24 take, kuɗin kaya da na aiki ne kawai, babu biyan wata. Masu DStv kuwa suna da tsarin XtraView, wanda ke haɗa dikoda har uku a kan biyan kuɗi ɗaya tare da ɗan ƙari kowane wata. Akwai kuma hanya mai araha, wato a ja waya daga kafar bayan dikoda mai alamar RF zuwa talabijin ta biyu, sai dai ɗakunan biyu tasha ɗaya za su gani, kuma wanda rimot ke hannunsa shi ke zaɓa wa kowa. Wannan ta dace da ɗakin yara, inda iyaye ke son sanin abin da ake kallo, amma ba ta dace da ɗakin kishiya ba.

Ita kanta wayar ba abar rainawa ba ce. Wadda ake kira RG6 ita ce daidai, kuma mai jan ƙarfe na gaske a tsakiya ta fi mai arahar da aka shafa wa jan ƙarfen a sama kawai, musamman idan za ta ratsa tsakar gida. Daminar Kontagora tana da ƙarfi, ruwan Agusta kuma yakan shiga ta inda aka yi ƙulli da salatif, ya bi cikin waya ya sa ta tsatsa, hoto ya riƙa daskarewa ko da gari ya washe. Don haka a guji ƙulli a waje, a ɗaga wayar a bi da ita ƙarƙashin indararo nesa da wayar lantarki, a ɗan lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje, sannan a zare ta idan hadari ya taso da tsawa. Wanda ke amfani da sola ko inbata saboda ɗaukewar wuta ya tuna cewa talabijin da dikoda na biyu ƙarin nauyi ne a kan batir.

Maigidan da zai kira mai haɗa dish ya fara yanke shawarar ko ɗakin na biyu zai zaɓi tasharsa da kansa. Idan ɗakin matar aure ne, adalci ya fi son a ba ta wayarta da dikodarta, kuma kuɗin LNB mai kafa biyu bai kai na rigimar da rashinsa ke jawowa ba.