Kayan Yaƙi Na Zuwa, Ina Gwanayen?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon arziki ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana damuna. Ni akawu ne, a Unguwar Television na ke zaune, kusa da Kakuri inda ma'aikatar ƙera makamai ta ke, wadda aka kafa a 1964. Aikin ofis ya koya mini abu guda, watau in an rubuta kaya sun shigo, lalle a rubuta hannun wanda aka danƙa wa. To, Gwamnati ta kan gaya mana kayan yaƙin da ta sayo, amma ba ta cika gaya mana gwanayen da za su riƙe su ba.

Wannan ciwo tsoho ne. Sa'ad da aka kafa sojan sama a 1964, Jamusawa ne suka zo nan Kaduna suna koyarwa. A 1966 suka koma gida, koyo bai nuna ba. Da yaƙi ya tashi a 1967, aka samo jirage daga Rasha da Masar, amma matuƙanmu ba su isa ba, sai da aka ɗauko Misirawa su tuƙa. Haka kuma a farkon 2015, da Boko Haram suka matsa, aka yi hayar waɗansu tsofaffin sojoji daga Afirka ta Kudu.

Ku duba, 'yan'uwa masu karatu. A 2018 Shugaba Buhari ya sa aka fitar da dala miliyan 496 don sayen jirage 12, Super Tucano, daga Amurka, tun Majalisa ba ta yarda ba, sai daga baya ya rubuta mata. Jiragen suka iso a 2021, aka yi ta murna. Madalla. Amma jirgi a kan saye shi da takarda ɗaya, makaniken da zai kwance injinsa ya mayar kuwa sai an yi shekaru ana renonsa. In albashi bai riƙe shi ba, kamfani ya ɗauke shi, an yi wa wani noma ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Tudun Biri, cikin ƙasar Igabi, nan kusa da mu. Ran 3 ga Disamba 1923 ba ne, 2023 ne, zamanin da a ke cewa ido ya buɗe, jirgin sojan ƙasa marar matuƙi ya jefa wuta a kan masu taron Mauludi, aka binne mutum 85, har da mata da yara. Jirgin bai yi kuskure ba, inda aka nuna masa nan ya harba. Mutum ne ya dubi hoto ya kasa rarrabe taron biki da taron 'yan bindiga. Janar Lagbaja ya tafi da kansa ya ba da haƙuri, wannan kam ya kyauta. A watan Mayu 2024 aka ce sojoji biyu za su gurfana gaban kotun soja. Amma wa ya horar da su, watanni nawa, wa kuma ya sa hannu cewa sun ƙware? Shi ma yana da amsar da zai bayar.

Na san akwai asirin soja, ba na neman a tona. Roƙona ga wakilanmu na Majalisa shi ne, kowace shekara kafin su yarda da kuɗin tsaro, su sa a kawo musu lissafin likitoci da injiniyoyi da makanikai da masu duban hoto: nawa a ke bukata, nawa a ke da su, nawa suka ajiye aiki.

Naka,
Wani Akawu,
Unguwar Television, Kaduna.