H.R. Palmer da Tarihin Daura: Mai Mulki, Mai Alƙalami

Ƙasar Hausa ba ta ga irin Turawan nan da suka yi kaka-gida a Kenya ko Rodeshiya ba, watau masu ƙwace ƙasa su kafa gandu su hayayyafa. Dokar ƙasa ta 1910 ta toshe wannan hanya a Arewa, don haka Baturen da ya zo, aiki ne ya kawo shi, in ya gama ya koma gida. Amma akwai waɗanda suka daɗe har suka bar sawun da bai goge ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Herbert Richmond Palmer, wanda ya shekara ashirin da shida a Arewa, wanda kuma duk mai nazarin tarihin Daura da Katsina ba makawa sai ya ci karo da shi, ko yana so ko ba ya so.

An haife shi a Lankasta ta ƙasar Ingila a 1877. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya kuma sami shaidar aikin lauya. A 1904 ya iso Arewa a matsayin mataimakin Razdan, shekara guda ke nan bayan sojan Gwamna Lugga sun ci Kano da Sakkwato. Aka tura shi Katsina, wadda a lokacin tana ƙarƙashin lardin Kano. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, amma ikon da aka danƙa masa ya fi na dattawan fada.

Bai daɗe ba ya gwada wannan iko. A farkon 1906 tawayen Satiru ya ɓarke kusa da Sakkwato, hankalin Turawa ya tashi, suka shiga zargin duk sarkin da ba su ga ya sake jiki da su ba. Palmer ya tsaya kai da fata sai an tuɓe Sarkin Katsina Yero, ya kuma kawo Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda ba ɗan gidan sarautar ba ne. Da haka mulkin Dallazawa na kusan shekara ɗari ya ƙare. Dikko ya yi sarauta har 1944, zuriyarsa ce kuma ke kan gadon har yau. A cikin waɗannan shekaru ne Turawa suka yi wani sauyin a Daura, amma ta bayan hannu: suka kawo Malam Musa daga Zango, suka mai da sarautar gidan Haɓe da jihadi ya kora tun wajen 1805. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi shekara hamsin da biyar. Watau a maƙwabta biyu, an cire tsohon gida a ɗaya, an dawo da wanda ya fi shi tsufa a ɗayar. A irin wannan zamani, maganar asali da salsala ba hira ba ce kawai, hujja ce da ake neman sarauta da ita, kuma Baturen da ke sauraron hujjar shi ne mai yanke hukunci.

A Katsina ne kuma Palmer da Dikko suka fara tsarin baitulmali, inda ake tara haraji da jangali wuri guda, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Daga baya aka yi koyi da shi a sauran En'e-En'e.

To, amma abin da ya fi dangantaka da wannan mujalla shi ne aikin alƙalaminsa. Palmer ya koyi Hausa da Larabci, ya riƙa tara rubuce-rubucen malamai da jerin sunayen sarakuna duk inda ya sauka. A 1908 ya buga fassarar Tarihin Kano da Turanci. Mai karatu ya lura da abu guda a nan: littafin na asali adadin shekarun kowane sarki kaɗai ya kawo, Palmer ne ya yi lissafi da baya-baya har ya tsayar da cewa Bagauda ya hau a shekara ta 999. Wannan shekara da 'yan makaranta ke haddacewa kamar karatun allo, ƙiyasin mutum ɗaya ce. Bayan an mai da shi Razdan na Barno a 1917, ya fassara littafin Imam Ahmad ɗan Fartuwa a kan Mai Idris Aloma, sa'an nan a 1928 ya fitar da Sudanese Memoirs, juzu'i uku, wanda labarin Daura ke ciki.

Labarin kowa ya san shi. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, ya auri Daurama, aka haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai suka fito. Palmer bai tsaya ga rubuta labarin ba, ya nemi ya fassara shi. A ganinsa Bayajidda shi ne Abu Yazid, Barbar ɗin nan da ya yi wa Faɗimiyyawa tawaye a Afirka ta Arewa ya mutu a 947, ko kuwa dai mabiyansa ne suka gudo kudu. Hujjarsa mafi ƙarfi kamancin suna ce. Haƙiƙa wannan ita ce cutar Palmer: da ya ji kalmomi biyu sun yi kama, ko da tsakaninsu akwai hamada da shekara dubu, sai ya ɗaura musu aure. A ƙarƙashin wannan duka akwai ra'ayin da Turawan zamaninsa suka yi imani da shi, cewa baƙar fata ba ya kafa mulki da kansa sai wani mai hasken fata ya zo daga gabas ko arewa ya koya masa. Ra'ayi ne da ya yi wa mai mulkin mallaka daɗi, don kuwa shi ma baƙo ne mai cewa ya zo gyara.

Abin mamaki, labarin da kansa ya ƙaryata wannan fassara. Baƙon bai tarar da daji ba. Ya tarar da birni mai ganuwa, da fada, da sarautun Galadima da Ƙaura, da sarauniya wadda jerin sarakuna mata suka gabace ta. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya yi rubutu yana nuna cewa ƙasashen Hausa sun tsiro ne a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, bisa noma da ƙira da fatauci. Dokta Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a littafinsa na tarihin Katsina na 1981. Duk da haka, ko masu sukar Palmer ba su iya ajiye littattafansa ba, saboda abubuwa da yawa da ya tattara nan ne mai bincike ya fi saurin samunsu.

A 1925 ya zama Laftanan Gwamnan Arewa, inda ya yi suna wajen ƙoƙarin raba Arewa da ikon Ikko. A 1930 aka ba shi Gwamnan Gambiya, a 1933 kuma na tsibirin Kubrus, inda tsananinsa ya sa har yau mutanen can suna kiran zamanin da sunansa, ba kuwa don yabo ba. Ya rasu a 1958.

Akwai wani wuri kusa da Mani, tsakanin Katsina da Daura, da ake kira Durɓi ta Kusheyi, inda ake da tuddan kaburburan sarakunan farko. Palmer ya tona wasu daga ciki a 1907, tare da yardar Sarki Dikko. A 1992 masana daga Jamus da hukumar kayan tarihi ta Nijeriya suka sake tona wasu uku. Suka sami 'yan kunne na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, da wata tasa ta tagulla aikin Gabas ta Tsakiya. Awon da aka yi ya nuna an rufe mamatan ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16, lokacin da ayarin fatake ke ratsa Sahara suna sauke kaya a kasuwannin ƙasar Hausa.