Ɗan gida ya dawo da karatu, masallacin ƙauye ya rabu biyu

Ka san irin bidiyon nan. Daƙiƙa arba'in ne ko hamsin. Wani matashi ne da farar jallabiya, zaune gaban lasifika a ƙaramin masallaci, yana cewa abin da mutanen garin suka tashi suka tarar ba shi da asali. A ƙasa an rubuta "Gaskiya ɗaya ce" da wuta-wuta guda uku. Kai ma ka tura wa abokanka, ke ma kin sa a sitatus. To amma ka taɓa tambayar kanka abin da ya faru a garin bayan an kashe kyamara?

Bari in ba ka labarin wani ƙauye a ƙaramar hukumar Tsanyawa, can arewa maso yammacin Kano, idan ka wuce Bichi a kan hanyar Katsina. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don dangina ne a ciki, kuma har yau maganar ba ta huce ba.

Wani ɗan baffana ya yi shekara biyar yana karatu a ƙasar Larabawa. Ranar da ya dawo an yanka rago, mata sun yi guɗa, yara sun bi motar tun daga bakin titi. Limamin garin, wanda shi ya koya masa baƙi da wasali tun yana ɗan shekara shida, ya riƙe hannunsa bayan sallar Magariba ya ce wa jama'a, "Ga ɗanku ya dawo, ku saurara ku ƙaru." Sai yaro ya tashi, ya yi yabon Annabi da Larabci mai daɗi, tsofaffi suna gyaɗa kai. Minti goma da farawa ya shiga maganar sakin hannu a sallah, daga nan ya gangara kan addu'ar da ake yi tare bayan sallama, daga nan ya taɓa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Wani dattijo a sahun gaba ya ce, "Ɗana, wato mu da iyayenmu duk a banza muka yi ke nan?" Yaro ya ce, "Baba, ni ban ce haka ba, abin da ke littafi na faɗa." Liman ya ce a tashi a yi Lisha.

Kafin damina ta zagayo, samari sun kafa rumfar langa-langa a bayan gari suna sallarsu. Aure ɗaya da aka sa wa rana ya lalace, domin uban yarinya ya ce ba zai ba wanda ba ya bin limaminsa sallah ba. Gayyar noma da ake yi tare, wadda a rana guda ake share gonar mutum a koma ta wani, ta koma gida biyu. A Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, inda kunyar geronka ke kan iyakar wakensa, mutum biyu suka riƙa noma kafaɗa da kafaɗa ba sannu ba yauwa.

Ka lura fa, babu wanda ya yi musun Allah ɗaya ne, babu wanda ya yi musun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Duka suna fuskantar alƙibla ɗaya.

Abin da ake ja a kai

Yawancin abin da ke tayar da ƙura a irin wannan zama ba sabo ba ne. Karatun zaure na ƙasar Hausa a kan mazhabar Malikiyya aka gina shi. Ɗalibi yana farawa da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, mai himma ya kai Askari. A cikin wannan karatu liman ba ya bayyana bisimilla a sallar farilla, yana yin ƙunuti a sallar Asuba a asirce, yana sallama ɗaya, kuma da yawa suna sakin hannu, wato sadalu. Wanda ya yi karatu a Madina kuwa ya zauna shekaru a inda ake kama hannu, ake sallama biyu, kuma an horar da shi ya tambayi hadisin da ke bayan kowane aiki da ingancinsa.

Ga abin da bidiyon daƙiƙa arba'in ba zai gaya maka ba. Maganar ɗora hannun dama a kan na hagu tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kansa. Maganar sakin hannu a farilla kuma ta zo a cikin Mudawwana, ta hanyar almajirinsa Ibnul Ƙasim. Wato saɓanin yana cikin gida tun fiye da shekara dubu, kuma manyan malamai ba su ce sallar ɗaya daga cikin biyun ta ɓaci ba. Akwai dai batutuwan da suka fi wannan zurfi, irin su tawassuli da wazifa da Mauludi, waɗanda malaman ɗariƙa da na Izala ke da hujjojinsu kuma kowa ya rubuta littattafai. Amma ko su ɗin ba a gama su a tsaye tsakanin Magariba da Lisha.

Tarihi ya sha juyawa

Wani abin mamaki: yau idan ka ga saurayi ya kama hannu a ƙauye, sai a ce ɗan Izala ne. A zamanin kakanninmu kuwa ƙabalu alamar Tijjanawa mabiya Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ce. Shehun ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajji a 1937, daga baya almajiransa suka yawaita a Kano, suka riƙa kama hannu a sallah. A shekarun 1950 da 1960 an yi ta rigima a kan haka, har ta kai ga tarzoma a wasu garuruwan lardin Sakkwato. Waɗanda ake kira masu kawo sabon abu a wancan lokaci, jikokinsu ne yau ake kira masu riƙe da tsohon abu.

Daga baya aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen duniya kyauta. Aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, da goyon bayan karatun Sheikh Abubakar Mahmud Gumi wanda rediyon Kaduna ke kai wa har cikin bukkar gona. A farkon shekarun 1990 ɗaliban Madina suka fara dawowa Kano da yawa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda kaset ɗin tafsirinsa ya shiga kowace tasha da kowane shagon tela, har aka harbe shi yana jan sallar Asuba a masallacinsa na Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu, 2007. Wasu kuma Azhar ta Alƙahira suka je, wasu Sudan, kowa ya dawo da abin da ya ɗebo.

Idan ka ƙara ja baya, za ka tarar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya sha wannan. Malaminsa Jibrilu ɗan Umar, wanda ya je Makka ya dawo, yana da tsanani a kan masu aikata manyan zunubai har yana fitar da su daga Musulunci. Shehu ya girmama shi iyakar girmamawa, amma ya saɓa masa a wannan, kuma ya yi rubutu yana jan kunnen ɗaliban da ke titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi masu wuya, idan sun kasa amsawa su kafirta su. Almajiri ya saɓa wa malami ba tare da ya zage shi ba. Wannan darasi ne da ya girmi Facebook da shekara ɗari biyu.

Ba mu kaɗai ba ne

Wataƙila ka taɓa ganin wasu samari bibbiyu a Legas ko Abuja, farar riga da nakatayi da baƙar alamar suna a ƙirji. 'Yan cocin da ake kira Mormon ne, wanda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, hedikwatarsa tana Salt Lake City a jihar Utah. Sun fara turo masu wa'azi Najeriya a hukumance a 1978, kuma sun buɗe babban ɗakin ibadarsu a Aba a 2005. Akidarsu daban take da tamu nesa ba kusa ba, har sauran Kiristoci ma suna ja da su a kan abubuwa da yawa. Abin da ya sa na kawo su shi ne suna da irin wannan matsala ta ɗan gida da ya dawo.

A wurinsu saurayi yana tafiya wa'azi na shekara biyu, budurwa wata goma sha takwas, sau da yawa zuwa wata ƙasa. Idan ya dawo akan ba shi dama ya yi jawabi a taron ibadar ranar Lahadi. Nan ma akan samu gardama: wani ya mayar da jawabin labarin jarumtarsa, wani ya faɗi abin da dattawa ke ganin ba koyarwar cocin ba ce, ra'ayi ne da ya ɗebo a hanya. Sai suka yi wa abin tsari. Mai dawowa yana fara gabatar da kansa ga shugabannin yankinsa, shugaban majami'a ne ke tsara wanda zai yi magana da lokacin da zai ɗauka, kuma a watan Oktoba na 2002 shugabansu na lokacin, Gordon B. Hinckley, ya sanar da a daina mayar da taron ibada bikin rakiyar mai tafiya. Ba cewa nake su ne abin koyi a addini ba, a'a. Cewa nake sun gane ɗan shekara ashirin da ɗoriya da ya dawo da zafin karatu yana bukatar a zauna da shi kafin a miƙa masa lasifika. Mu kuwa daga filin jirgi sai mumbari.

Inda kai ka shigo

Da can idan aka yi saɓani a masallacin ƙauye, a nan yake tsayawa. Mai gari ya kira liman da yaron, a yi magana a zaure, a sha fura, a rufe. Yanzu kuwa akwai waya a kowane sahu. Wani ya ɗauka, ya yanke inda yaro ya yabi limaminsa, ya bar inda ya ce "ba shi da asali", ya ɗora a TikTok. Zuwa safe mutanen da ba su san ko ina Tsanyawa take ba sun zagi tsohon da ya shekara arba'in yana jan sallah ba albashi. 'Ya'yan tsohon suna da waya su ma, sun karanta. Daga nan wa zai iya sulhu?

Kano ta ga inda gardamar akida kan kai idan ta bar hannun malamai ta koma ta taron jama'a. Wanda ya tambayi iyayensa rikicin Maitatsine na Disambar 1980 zai ji cewa dubban rayuka ne suka salwanta. Ba kowane saɓani ne ke kaiwa can ba, Allah ya kiyaye. Amma gaba tsakanin wa da ƙani, da auren da ya mutu, da gawar da wasu suka ƙi bin ta maƙabarta saboda wanda ya ja sallar, ai su ma asara ce.

Saboda haka kafin ka danna turawa, ka tambayi kanka abu uku. Na ji karatun daga farko zuwa ƙarshe, ko guntu aka ba ni? Wannan batu yana cikin waɗanda malamai suka haɗu a kansu, ko waɗanda suka daɗe da saɓani? In mutumin da ake zagi a ƙarƙashin bidiyon mahaifina ne, zan tura?

Idan kuma kai ne mai dawowar, daga Madina ko Alƙahira ko ma wata makarantar cikin Kano, barka da zuwa, garinku na bukatarka. Amma ka fara da zauren liman kafin lasifika. Ka kai masa tsaraba, ka zauna ƙasa, ka ce, "Malam, na ga kaza a karatu, yaya kuke gani?" Ta yiwu ya buɗe maka littafin da ba ka taɓa gani ba, ta yiwu kuma ya karɓa, ya faɗa wa mutane da bakinsa, su ji ba gardama. Ka fara da abin da ba mai ja: yaran da ba su iya Fatiha daidai ba, gadon gona da ake hana mata, tauye mudu a kasuwa, ƙwayar da ke cinye samari. An ruwaito cewa wani halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa duniyar Musulmi bin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya hana, don ilimi ya watsu a garuruwa kuma kowane gari yana da abin da ya riska. Mai littafin ke nan da kansa.

Shi ɗan baffan nawa, bara da azumi na same shi a ƙofar gida yana gyara babur. Na tambaye shi ko ya canza ra'ayi. Ya ce, "Yaya, ra'ayina yana nan. Amma da zan koma daren nan, da alwala zan fara koya wa yara." Na ce to me ya hana ka je ka gaida Malam? Ya yi shiru, ya ce kunya yake ji.

Rumfar langa-langar tana nan, an ma yi mata bulo. Liman ya tsufa, yanzu a zaune yake jan nafila. Jiya da na buga waya gida aka ce yaron ya aika masa da buhun gero bayan girbi, tsohon ya karɓa ya sa albarka, amma har yanzu ba su zauna ba.