Abin da Ake Barbaɗawa a Kan Kwaɗo da Miya

Yau hirarmu a kan ɗan abin nan ne da kike barbaɗawa a kan kwaɗo ko miya kafin ki kai wa maigida. Da yawanmu mun ɗauka ado ne kawai. To 'yar'uwa, sau da yawa shi ke sa jiki ya amfana da ganyen da ke ƙarƙashinsa.

Mu ɗauki kwaɗon zogale. Zogale na da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido daga dundumi. Sai dai hanji ba ya tsotsarsa sosai idan babu maiƙo. Shi ya sa ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa a kan kwaɗo suke da muhimmanci, haka soyayyen riɗi, haka cokalin man shanu a kan miyar ganye. Ƙuli-ƙuli kuma na da furotin mai gina jikin yara.

Sai lemon tsami. Ganye irin su zogale da alayyahu na da sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, kuma bitamin C ne ke taimakawa ya shiga jiki. Ki matsa lemon bayan kin sauke tukunya, don zafin wuta na lalata bitamin ɗin. Ɗanyen tumatir da tattasai ma suna wannan aiki. Mai juna biyu da mai jego, ku riƙe wannan, domin kuna cikin waɗanda ƙarancin jini ya fi kamawa. Shayi kuwa yana hana ƙarfen shiga, a jinkirta shi kamar awa 1 bayan cin abinci.

Amma fa a kula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokali guda. Dunƙule da yaji duk akwai gishiri a cikinsu, ki ɗanɗana kafin ki ƙara, saboda hawan jini. Gyaɗar da ta yi funfuna kuma na iya ɗauke da guba mai cutar hanta, ki zubar da ita. In yaro ya sayo miki tumatir da albasa, ki wanke su tas da ruwa mai tsabta, tunda ɗanye za a ci.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. A gaida maigida da yara, sai mun sake saduwa.