Firinta a gida ko wurin mai hoto: ina gaskiyar take?

Magana ta bazu a Kura, Bunkure da Garun Malam cewa wanda ya sayi ƙaramar firinta ya yi sallama da mai hoto har abada. Ba mamaki ta samu shiga. Yanki ne na noman rani da ke shan ruwan Dam ɗin Tiga, kuma manomi ba ya rabuwa da neman fasfo: yau rajistar ƙungiya, gobe takardar taki ko bashin banki, ga na yara 'yan makaranta. Hotunan biki da na suna kuma sun cika wayoyi.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Firintocin da ake ɗura wa tawada daga kwalba, irin na Epson da Canon, sun rage tsadar tawada ƙwarai a kan masu katirij. Sai dai mai wannan lissafi tawada kaɗai ya ƙirga. Bai sa kuɗin na'urar ba, bai sa katin hoto mai sheƙi ba, balle katunan da za su lalace kafin kala ta zauna. Ga wuta: tun da aka cire tallafin fetur a 2023, tayar da janareta saboda fasfo huɗu asara ce.

Babbar matsalar ma ita ce ajiya. Tawada na fitowa ne ta ramuka da suka fi gashi siranta, kuma idan na'urar ta yi makonni a rufe sai ta bushe a ciki, musamman da zafin bazara da ƙurar hunturu. Kafin ramukan su buɗe sai firintar ta wanke kanta, kuma da tawadar da ka saya take wankin. Wani lokaci sai an kai ta gyara Kano. Mai buhu biyar na shinkafa ba ya sayen injin casa, wurin masu injin Kura yake kaiwa. Firinta ta mai aiki kullum ce: mai shago, sakataren ƙungiya, makaranta. A wurinsu kam tana mayar da kuɗinta.

Ana kuma cewa hoton firinta gogewa yake, na wanki ne kawai ke daɗewa. Rabinta gaskiya. Tawada iri biyu ce. Mai rini, wadda ta fi yawa a ƙananan firintoci, tana koɗewa a rana, kuma a kan kati mai araha ɗigon ruwa kan iya ɓata ta. Mai garin launi ta fi jure ruwa da haske, amma ta fi tsada. Wankin sinadari na manyan injina irin su Fuji Frontier da Noritsu bai cika damuwa da ruwa ba, domin launin a cikin jikin katin yake. Amma fa ba kowane situdiyo ke da irin wannan inji ba, da yawa yanzu firinta suke amfani da ita. Ka tambaya kafin ka biya.

Batun cewa hasken na'urar sikanin yana ƙona tsohon hoto kuwa ƙarya ce. Abin da ke cinye hotunan iyaye da kakanni shi ne laimar damina, gara, da ƙoƙarin ɓamɓare hoton da ya manne da gilashi. Laminatin ma ba magani ba ne, domin da zafi ake manna ledar kuma ba ta ciruwa lafiya. A nan ne aikin gida ya fi riba, wato adana kwafin tsofaffin hotuna, kuma shi nake so mutane su ba muhimmanci, don hoton wanda ya rasu ba a sake ɗaukarsa. Waya mai kyamara mai kyau ta isa: a shimfiɗa hoton a inuwa, a kashe filasha, a ɗauka daga sama tsaye. Manhajar PhotoScan ta Google tana rage ƙyallin kati. Wanda za a faɗaɗa a rataye a bango shi ne ya cancanci na'urar sikanin, a ce wa mai shago ya sa ta a kan 600 dpi.

Idan za a tura wa mai hoto ta WhatsApp, a aika a matsayin fayil. Turawar da aka saba tana matse hoton, sai ya fito dishi-dishi a kan kati, a ɗora wa mai wanki laifin da ba nasa ba.