Gida a Kan Teku: Rayuwar Masu Yawon Tsibirai

A ƙarshen watan Nuwamban kowace shekara, daidai lokacin da hunturu ke fara tsage mana leɓe, tashar jiragen ruwa ta Las Palmas da ke Tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya takan cika maƙil da ƙananan jirage masu filafilai. Galibinsu ba su wuce tsawon mita 12 zuwa 15 ba, kuma kowanne gidan wasu ne. Akwai gado a ciki, akwai murhun gas da ɗan banɗaki, wani ma har da yara da littattafansu na makaranta. Abin da ya tara su shi ne tsallaka Tekun Atlantika zuwa tsibirin Saint Lucia a yankin Karibiyan, tafiyar mil 2,700 na teku, wato kilomita 5,000, wadda kan ci mako biyu da rabi zuwa uku. Wannan ayari da ake kira ARC, Jimmy Cornell ne ya assasa shi a 1986, kuma jirage sama da ɗari ke shiga duk shekara. Wasu da yawa kuma su kaɗai suke kama hanya, ba ruwansu da ayari.

Mutanen cikin jiragen nan iri-iri ne: dattawan da suka yi ritaya suka sayar da gida, ma'aurata da suka ajiye aiki na shekara biyu ko uku, da matasan da ke yin aikinsu ta intanet daga duk inda suka tsaya. Mafi yawansu Turawa ne, da 'yan Amurka da Kanada da Ostareliya. Wanda ya san su ta hotunan YouTube da Instagram zai ɗauka hutu ne zalla: ruwa shuɗi garau, farin yashi, inuwar kwakwa. Hotunan ba ƙarya suke yi ba, sai dai kallon kitse ake yi wa rogo. Mai zama a jirgi iska ce ke yanka masa ranar tafiya, ruwan sha da lantarki awo ake yi masa, gyara ba ya ƙare masa, kuma duk inda ya sauka baƙo ne.

Abin ya samo asali tun daga Joshua Slocum, wani tsohon matuƙi haifaffen Kanada, wanda ya bar birnin Boston a 1895 cikin jirginsa Spray mai tsawon kimanin mita 11, ya kewaye duniya shi kaɗai ya dawo a 1898. Ba a taɓa yin haka ba kafinsa. Daga baya wasu ma'aurata 'yan Ingila, Eric da Susan Hiscock, suka yi nasu kewayen tsakanin 1952 da 1955, suka nuna cewa miji da mata ma za su iya. Zuwan jiragen roba masu sauƙin kuɗi, sannan na'urar GPS mai nuna wa mutum inda yake ta tauraron ɗan'adam, shi ya buɗe ƙofar ga jama'a.

Ita iskar da suke dogara da ita ba baƙuwarmu ba ce. Iskar arewa maso gabas da ke kawo mana hazo da sanyi, danginta ce ke ci gaba da kaɗawa a kan teku, daga gaɓar Afirka ta Yamma har Karibiyan, ba ta cika sauya alkibla ba. Ƙurar Sahara ma takan bi ta har can, matuƙa su wayi gari su tarar da jan gari a kan jirgi. Da wannan iska jiragen Columbus suka tsallaka a 1492, da ita kuma jiragen fataken bayi suka yi ƙarnoni suna kwasar 'yan Afirka zuwa gonakin rake, shi ya sa yawancin mutanen tsibiran da ake zuwa shaƙatawa a yau baƙar fata ne. Jirgi mai filafilai yana son iska ta bayansa ko ta gefe. Fuskantarta gaba da gaba wahala ce, don haka masu kewaya duniya kusan duk yamma suke nufa. Gudun kuwa ba a cewa komai: kilomita 10 zuwa 12 a awa, abin da mai keke zai wuce shi yana fito. Amma jirgi ba ya tsayawa dare da rana, sai ka ga ya cinye kilomita 250 kafin gobe war haka.

Abin da ya sa suke jiran Nuwamba shi ne mahaukaciyar guguwa. Lokacinta a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma da yawa daga cikin manyan guguwoyin hadarin daminar Afirka ta Yamma ne ke fita teku, ya sami ruwa mai ɗumi ya ƙasaita. A kudancin Fasifik kuwa daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Saboda haka shekarar mai jirgi a rabe take kamar ta makiyayi: akwai watannin da zai yi kudu, akwai na dawowa, kuma wanda ya makara shi ya sani. A Karibiyan, da Yuni ya matso sai a ga jirage suna gangarawa Grenada da Trinidad, inda ake ɗaga su da ƙugiya a jera a tudu, musamman a Chaguaramas. Kamfanonin inshora ma sukan gindaya sharaɗin inda jirgi zai kasance a waɗannan watanni. Sai dai tsira ba ta da tabbas. An daɗe ana ganin Grenada ta fita daga hanyar guguwa, sai ga guguwar Ivan a watan Satumban 2004 ta ragargaza tsibirin, ta kwantar da jirage a kan juna har waɗanda ke tudu. A ranar 1 ga Yulin 2024 kuma guguwar Beryl ta afka wa tsibiran Carriacou da Union, ta cakuɗa jiragen da suka ɓuya cikin itatuwan gaɓa. Mai jirgi dai jirgi ya rasa, mutanen tsibiri kuwa rufin gidajensu ne ya tafi.

A cikin jirgi, babban abin lissafi shi ne ruwan daɗi. Mutum yana zaune a tsakiyar ruwa iya ganinsa, amma ko kurɓi ɗaya ba zai sha ba. Tankin jirgi irin wannan lita ɗari uku ne zuwa ɗari biyar, shi za a sha, a yi girki, a yi wanka. Don haka ake wanke kwanuka da ruwan gishiri a ɗauraye da 'yar kofi, a yi wanka a teku a watsa kwalba ɗaya ta ruwan daɗi a jiki, in hadari ya taso kuma a shimfiɗa tamfol a tara. Masu hali sukan sa na'urar da ke matse ruwan teku ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi har gishirin ya rabu da shi, a samu lita 30 zuwa 60 a awa. Ita kuma wuta take ci. Wutar daga farantan sola take zuwa, ko ɗan injin iska, a tara a batir, kuma firji, fitilu, na'urar tuƙi da ta intanet irin ta Starlink duk a kanta suke. Kwana uku na lumshi sun isa su sa maigida ya tsaya yana shawarar abin da zai kashe.

Sai gyara. Gishiri ba ya raga wa komai: ƙarfe ya yi tsatsa, waya ta ci, famfo ya toshe, rana ta gasa zaren filafilai har ya tsinke, ƙasan jirgi kuma ƙwari da gansakuka su manne masa sai an nitse an kankare. A tsibirin da ba shi da bakanike, mai jirgi shi ne bakanike, shi ne mai gyaran wuta da famfo, shi ne tela. Ƙarfen da bai fi ɗan yatsa ba zai iya zaunar da iyali wata guda suna jiran a aiko shi daga Amurka ko Faransa, su kuma biya kuɗin kwastam a kai. Su kansu matuƙan sukan ce mutum ya ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirginsa duk shekara don gyara kawai. A ganina a nan ake gane wanda zai daɗe. Mai son kallon faɗuwar rana kaɗai ba ya kai shekara, amma wanda ke jin daɗin kwance inji ya mayar, shi teku ke karɓa.

Mafi yawan kwanakinsu ba a tafiya suke yin su ba, a tsaye suke cikin wani lungun teku, an jefa anka. Ita ma da iliminta. Ana neman yashi, domin shi ke riƙe anka, a saki sarƙa ninki biyar na zurfin ruwan ko fiye, a ja da baya da inji a tabbatar ta kama. In iska ta juya cikin dare anka ta saɓule, jirgi zai yi ta ja har ya daki na maƙwabci ko dutse, shi ya sa barcin mai jirgi da kunne ɗaya ne. Zuwa gari kuwa sai da ɗan kwalekwalen roba mai inji, wanda shi ne motar gidan, shi ne kuma abin da ɓarayi suka fi so. In ana doguwar tafiya, gadi ake yi karɓa-karɓa, awa uku ko huɗu kowa, a ɗaure da igiya a jikin jirgi, domin wanda ya faɗa ruwa da dare abokin tafiyarsa na barci, da wuya a sake ganinsa.

Daga Karibiyan masu dogon buri sukan nufi Panama. Kafin su shiga mashigin ruwan ƙasar, wanda aka buɗe a 1914, yawanci sukan yada zango a Guna Yala, jerin tsibirai fiye da 300 na al'ummar Guna, masu cin gashin kansu tun bayan boren da suka yi a 1925. Nan baƙo ke fara koyon darasi. Tsibiri zai yi kamar ba kowa, amma kowace bishiyar kwakwa da mai ita, ko wadda ta faɗo ƙasa ba a ɗauka. Matan Guna kan zo cikin kwalekwale suna tallar mola, wani ƙyalle mai ado da suke ɗinkawa da hannu, maza kuma su kawo kifi. Wasu tsibiran nasu da ƙyar suka ɗara ruwa tsayi, har a 2024 aka kwashe iyalai kusan 300 daga Gardi Sugdub zuwa tudu saboda cunkoso da hauhawar teku.

Bayan Panama sai Fasifik. Daga Galapagos zuwa Marquesas mil 3,000 ne na teku, mako uku zuwa huɗu ba a ganin ƙasa. Marquesas duwatsu ne dogaye masu duhuwar itatuwa, ana hango su tun daga nesa. Tuamotu da ke gaba ba haka suke ba: zobba ne na murjani kusan 80, shafe da ruwa, ba a ganinsu sai an zo dab, abin da ya sa matuƙan dā suke shakkarsu. Kusan kowane zobe da tafki a tsakiyarsa, shiga kuma sai ta wata 'yar ƙofa da ruwa ke fita da ƙarfin da wani lokaci ya fi gudun jirgin. Dole a jira sa'ar da ruwan ya lafa, rana tana sama, mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana karanta launi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ya fara gajarta, ruwan ƙasa kuwa dutse ne. Taswirar kwamfuta ba ta isa a nan ba, sai ido.

Kifin wuraren nan ma ba kowanne ake ci ba. Akwai wata guba da ake kira siguwatera, wadda wasu ƙwayoyin halitta da ke kan murjani ke samarwa. Ƙananan kifaye su ci, manya su cinye su, gubar ta taru a jikin irin su barakuda. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, dahuwa ba ta kashe ta. Wanda ya ci zai yi amai da gudawa, gaɓoɓi su yi tsami, ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar wuta, kuma abin yakan ɗauki makonni. Kifin da ake ci lafiya a wannan tsibiri zai iya zama guba a na kusa da shi. Maganin kawai shi ne a nuna wa masuncin wurin kafin a ɗora tukunya.

Ga kuma hukuma. Duk ƙasar da jirgi ya shiga sai ya ɗaga tuta rawaya, alamar ba a tantance shi ba tukuna, kyaftin ya je wa jami'an kwastam da na shige da fice da takardu, sauran su zauna a ciki. A gabashin Karibiyan, inda tafiyar wuni ɗaya ke raba ƙasa da ƙasa, mutum zai iya yin wannan sau uku a mako. A ƙauyukan Fiji takardar gwamnati ma ba ta wadatar. Al'adar sevusevu ta tanadi baƙo ya je gaban sarkin ƙauye da ɗaurin saiwar wata shuka da ake kira kava, ya cire hula da tabarau, ya rufe kafaɗa da gwiwa, ya zauna a ƙasa. In sarki ya karɓa, to an ba shi izinin tsayawa da iyo a ruwansu. A Tonga kuwa tsarin mulki ne ya keɓe Lahadi, ba a aiki ba a ciniki, baƙon da ya tada injin walda ranar ya jawo wa kansa magana.

Ba ko'ina ake murna da su ba, kuma da dalili. Sarƙar anka tana karya murjanin da ya yi shekaru aru-aru yana girma, wasu na zubar da ƙazantar banɗaki kusa da inda yara ke wanka, wasu su cika shara a tsibirin da ba shi da juji. A Bora Bora hukuma ta taƙaita jefa anka, ta tilasta wa jirage ɗaurewa a wuraren da aka tanada, da kuɗi. Matuƙa sun yi ta ƙorafi, amma ni ban ga laifin masu wuri ba. Mutanen da ke zuwa da jirgin da kuɗinsa ya fi abin da masunci zai samu a rayuwarsa, bai kamata su yi jayayya a kan kuɗin ɗaure jirgi ba. Duk da haka akwai waɗanda suka bar suna mai kyau, masu gyara wa ƙauye injin kwalekwale ko farantin sola, da waɗanda suka yi jigilar ruwa da tamfol bayan guguwa.

Da Oktoba ya ƙare, lungunan Tonga da Fiji sukan fara yin fayau. Mafi yawan jiragen kan yi kudu zuwa Niyu Zilan, tafiyar sama da mil 1,000 na teku cikin ruwa mai sanyi da hargitsi, su shiga ta tashar Opua. Can za a ɗaga jirgi a tudu, a kankare, a shafa fenti, a ɗinke abin da ya yage, a jira watan Mayu.